Nazarin Lamari: Harhaɗa Nginx Daga Tushe a Kan Tsohuwar Saba

Yadda aka tarar da abin, Afrilun 2024

Wani ƙaramin kamfani yana da saba guda ɗaya, ita ke ɗauke da shafinsa na intanet da wata manhaja da abokan hulɗa ke shiga su duba odarsu. Sabar tana kan CentOS 7, wani nau'in tsarin Linux, da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 da furosesa mai kai biyu. Nginx 1.24.0, manhajar da ke karɓar buƙatun masu ziyartar shafi, shi ne ke tsaye a bakin ƙofa, an saka shi da yum, shirin girka fakitoci na CentOS, daga rumbun fakitocin masu nginx ɗin kansu. A bayansa akwai tsohuwar manhajar PHP da ba a taɓa gwada ta a wani tsarin ba. Mutum ɗaya ne ke kula da komai.

Buƙatu biyu suka zo a tare. Wani abokin hulɗa da zai haɗa tsarinsa da na kamfanin ya gindaya sharaɗin cewa sai shafin yana karɓar TLS 1.3, siga ta ƙa'idar kulle bayanai tsakanin burauza da saba, ya ba da wa'adin ƙarshen Mayu. Masu gina shafin kuma sun daɗe suna neman a kunna Brotli, hanyar matse fayil da ta fito daga Google, wadda kan rage girman CSS da JavaScript fiye da gzip. Fakitin nginx ba ya zuwa da ita, modul ne na waje.

Kowa ya san CentOS 7 zai daina samun tallafi ranar 30 ga Yuni 2024, kuma ƙaura zuwa sabon tsari na cikin shiri. Manhajar PHP ɗin ce ta riƙe wa ƙaurar ƙafa, don masu gyaranta sun ce ba za su gama kafin Oktoba ba.

Makon farko na Mayu, rana ta ɗaya: gyaran saiti kaɗai

Mai kula da sabar ya fara da mafi sauƙi. Ya buɗe fayil ɗin saitin shafin, ya rubuta `ssl_protocols TLSv1.2 TLSv1.3;`, ya gwada da `nginx -t`. Gwajin ya ce lafiya lau. Ya sake loda saiti, ya buɗe burauza, sai ga TLS 1.2 nan daram. Ya nemi gwadawa daga cikin sabar da `openssl s_client -tls1_3`, shi kuma umarnin ya ce bai san wannan zaɓin ba.

Amsar tana cikin `nginx -V`, a layin da ke cewa `built with OpenSSL 1.0.2k-fips`. Nginx ba shi ke kulle bayanai da kansa ba, laburaren OpenSSL yake miƙa wa aikin. Shi nginx ya san kalmar TLSv1.3 tun siga 1.13.0, don haka yana karɓarta a saiti ba tare da ƙorafi ba. Amma OpenSSL bai samu TLS 1.3 ba sai a siga 1.1.1, wadda ta fito a Satumban 2018, wata guda bayan an wallafa ƙa'idar a RFC 8446. Laburaren CentOS 7 ya girme ta. Saiti ba zai iya kunna abin da babu shi a ƙasa ba.

Sauya OpenSSL na tsarin gaba ɗaya bai shiga lissafi ba, tunda SSH da Python da sauran manhajoji da yawa a kansa suke. Aka yanke shawarar harhaɗa nginx daga rubutun tushe, wato a gina shi da hannu maimakon saka fakiti, a haɗa shi da sabon OpenSSL da kuma Brotli.

Rana ta biyu: harhaɗawar farko

An sauko da nginx 1.26.0, wanda ya fito ranar 23 ga Afrilu, aka warware shi, aka buga `./configure` tsura babu ko zaɓi ɗaya. Ya tsaya sau uku, kowane da saƙonsa: `C compiler cc is not found`, sai `the HTTP rewrite module requires the PCRE library`, sai irin wannan saƙon game da zlib. Waɗannan ba su ci lokaci ba. Laburaren suna nan a sabar, abin da babu shi ne fayilolinsu masu ƙarewa da .h, waɗanda maharhaɗi ke karantawa ya san sunaye da siffar ayyukan da ke cikin laburare. A CentOS suna cikin fakitoci masu ƙarewa da devel. Aka saka gcc da make da pcre2-devel da zlib-devel, har da openssl-devel don kada a dawo.

`make` da `make install` suka wuce sumul. Amma `nginx -v` ya ci gaba da cewa 1.24.0, domin sabon ya sauka ne a /usr/local/nginx, inda nginx ke zuwa idan ba a faɗa masa wuri ba, tsohon kuma yana /usr/sbin inda tsarin ke nemansa. Da aka nuna wa sabon fayil ɗin saiti na gaskiya da `-t -c /etc/nginx/nginx.conf`, sai ya ce `the "ssl" parameter requires ngx_http_ssl_module`.

Wannan na ba sababbin shiga mamaki: nginx ba ya harhaɗa modul ɗin SSL, wanda ke kula da TLS, sai an nema. Haka HTTP/2, haka realip mai gane adireshin baƙo na ainihi a bayan wakili, haka stub_status. Masu yin fakiti su ke jera duk waɗannan, kuma jerin nasu yana nan a buɗe a ƙarshen `nginx -V` na tsohon. Aka kwafo shi kamar yadda yake, aka sake harhaɗawa. Gwajin saiti ya wuce, amma sabon nginx ɗin ya ce shi ma da 1.0.2k aka gina shi. Openssl-devel da aka saka ɗazu ne ya ba shi abin da ya samu a kusa. An yi ba a yi ba.

Rana ta uku da ta huɗu: OpenSSL biyu a gida ɗaya

An zaɓi OpenSSL 3.0.13. Zuriyar 1.1.1 ta daina samun gyara kyauta tun 11 ga Satumba 2023, ita kuwa 3.0 mai dogon tallafi ce har Satumban 2026. Shirin harhaɗa shi da Perl aka rubuta, ya tsaya nan take da `Can't locate IPC/Cmd.pm`. Fakitin perl-IPC-Cmd ya warware wannan. Aka girka shi a /usr/local/ssl, nesa da na tsarin, sannan aka ƙara wa nginx zaɓi biyu:

```
--with-cc-opt="-I/usr/local/ssl/include"
--with-ld-opt="-L/usr/local/ssl/lib"
```

Sai `configure` ya ce `SSL modules require the OpenSSL library`. Saba mai OpenSSL har biyu ana ce mata ba ta da ko ɗaya. Nan aka kwana guda ana kwan-gaba kwan-baya, an sake girka OpenSSL sau biyu ba tare da wani canji ba.

Saƙon da `configure` ke bugawa a allo taƙaitawa ce kawai. Yadda yake aiki shi ne, ga kowane laburare yakan rubuta ɗan ƙaramin shiri na gwaji, ya harhaɗa, in ya ƙi sai ya ce babu laburaren. Ainihin kukan maharhaɗi yana cikin objs/autoconf.err. Da aka buɗe fayil ɗin, ga abin da ke ciki: `undefined reference to SSL_CTX_set_options`.

Dalilin yana da ɗan zurfi amma ya cancanci a bi shi. A kwamfuta mai bit 64 irin wannan, OpenSSL 3.0 yana ajiye laburarensa a lib64 ne, ba lib ba. Foldar da aka nuna babu ita, kuma ld, shirin da ke ƙulla manhaja da laburarenta, ba ya ƙorafi a kan foldar da babu. Wucewa yake ya ɗauki na /usr/lib64. Sai ya zama fayilolin .h na 3.0 ne, laburare kuma na 1.0.2. A tsohuwar sigar, SSL_CTX_set_options laƙabi ne kawai da ake fassarawa zuwa wani aikin tun kafin harhaɗawa, don haka babu wani abu mai wannan suna a cikin laburaren. Daga 1.1.0 ne ya zama aiki mai zaman kansa. Sabon .h ya yi alƙawarin abin da tsohon laburare ba shi da shi.

Aka mayar da lib zuwa lib64, harhaɗawa ta kammala. Da aka zo tayar da shi kuma: `error while loading shared libraries: libssl.so.3`. Zaɓin -L yana aiki ne lokacin gini kawai. Lokacin tashi wani ne daban ke nemo laburare, shi kuma bai san /usr/local/ssl ba. Mafita biyu ce a nan: a rubuta hanyar a cikin jikin manhajar da `-Wl,-rpath`, ko a ƙara foldar a /etc/ld.so.conf.d, wanda zai shafi duk sabar. Ba a ɗauki ko ɗaya ba. Aka share /usr/local/ssl aka canja dabara.

Mako na biyu: an samu abin da ake nema

Nginx yana da zaɓin `--with-openssl`, wanda ake nuna wa foldar rubutun tushen OpenSSL, ba inda aka girka shi ba. Shi da kansa zai harhaɗa laburaren ya cusa shi cikin jikinsa, ya zama fayil ɗaya da ba ya neman libssl a ko'ina. `ldd objs/nginx` ya tabbatar: babu libssl babu libcrypto a jerin.

Brotli ma sai da ta ɗan ja. Modul ɗin ngx_brotli yana ɗauke da laburaren Brotli a matsayin ƙaramin rumbu a cikinsa, wanda ba ya biyowa sai an sauko da `git clone --recurse-submodules`. Dole kuma a harhaɗa laburaren tukuna da CMake, shi kuwa CMake na CentOS 7 siga 2.8.12 ne, ya tsufa da aikin; sai da aka saka cmake3. Daga nan `--add-module` ya shigar da ita.

An tayar da sabon a ƙofa ta 8443 da kwafin saiti, aka gwada daga wata kwamfutar mai sabon OpenSSL. Har yanzu TLS 1.3 ya ƙi. Sabar na ɗauke da shafuka uku a adireshi ɗaya, an gyara `ssl_protocols` a na kamfanin, amma shafin da aka yi wa alamar `default_server` yana nan da TLSv1.2 kaɗai. A wannan sigar ta nginx, ana daidaita sigar TLS ne da saitin wannan tsayayyen shafin, kafin nginx ya koma kan wanda baƙo ya ambata da suna. Aka cire layin daga kowane shafi, aka rubuta shi sau ɗaya a sashen `http`. Gwaji ya dawo da `New, TLSv1.3, Cipher is TLS_AES_256_GCM_SHA384`. Ga Brotli kuma, buƙatar curl mai ɗauke da `Accept-Encoding: br` ta dawo da `content-encoding: br` ga HTML kaɗai, sai da aka jera CSS da JavaScript a `brotli_types`. Akwai wani gargaɗi guda: tun 1.25.1 rubuta http2 a layin `listen` ya zama tsohon yayi, `http2 on;` ake so. Aka gyara.

Saura girkawa. Da yake jerin zaɓin da aka kwafo yana ɗauke da `--sbin-path=/usr/sbin/nginx`, `make install` ya sauya wa tsohon suna zuwa nginx.old ya ajiye sabon a gurbinsa. Ba a taɓa systemd, mai tayar da shirye-shiryen sabar, ba, ba a taɓa /etc/nginx ba, `systemctl restart nginx` ya tayar da sabon. Abokin hulɗa ya gwada ya amince tun kafin wa'adi. Ba a rubuta umarnin da aka yi amfani da su a ko'ina ba.

Farkon Yuni: sabuntawa, sannan faɗuwa

Mai kula da sabar yakan yi `yum update` sau ɗaya a wata. Na Yuni ya zo da fakitoci da dama, ciki har da sabon kanel, wato zuciyar tsarin Linux, da fakitin nginx 1.26.1 da ya fito ranar 29 ga Mayu. A littafin rpm, inda tsarin ke rubuta wane fayil ne na wane fakiti, /usr/sbin/nginx har yanzu mallakar fakitin nginx ne. `Make install` ba ya sanar da kowa abin da ya yi. Sai yum ya shimfiɗa nasa a kai.

Shafin bai ko girgiza ba. A Linux, shirin da ke gudana yana riƙe da fayil ɗin da ya tashi da shi ko da an share shi daga faifai. Nginx ɗin da aka harhaɗa ya ci gaba da aiki daga ƙwaƙwalwa, da TLS 1.3 ɗinsa da Brotli ɗinsa. Da an duba `ls -l /proc/` da lambar shirin da `/exe`, da an ga kalmar `deleted` a gaban sunan. Da an buga `nginx -t` ma ya isa.

Kwana biyar bayan haka aka sake kunna sabar da dare don sabon kanel ya hau. Nginx bai tashi ba: `unknown directive "brotli"`. Wanda ke kan faifai na fakiti ne, bai san Brotli ba. Aka rufe layukan Brotli a saiti, shafi ya dawo bayan kimanin minti 40. Aka ɗauka magana ta ƙare. Washegari abokin hulɗa ya kira, tsarinsa ya kasa shiga, domin nginx na fakiti da 1.0.2k yake, TLS 1.3 ya tafi ba tare da ko layi ɗaya a kundin kurakurai ba. Foldar da aka yi gini a cikinta tana nan, aka kwafo objs/nginx aka mayar na wucin gadi, aka sa `exclude=nginx` a saitin yum.

Tsakiyar Yuni: sake gini

Wannan karon an fara da rubuta komai a fayil ɗaya na jerin umarni, aka ajiye shi a git tare da saitin. Lambobin siga suna can sama: nginx 1.26.1 da OpenSSL 3.0.14, wanda ya fito ranar 4 ga Yuni. Jerin yana sauko da rubutun tushen nginx da na OpenSSL, kowanne tare da sa hannunsa na .asc, ya tantance da `gpg --verify`, in bai dace ba ya tsaya. A ginin farko ba a yi wannan ba. Ana yin gini a matsayin mai amfani na gama-gari, `make install` kaɗai ke neman ikon root.

Zuciyar jerin ita ce wannan:

```
./configure --prefix=/opt/nginx \
  --pid-path=/run/nginx.pid \
  --error-log-path=/var/log/nginx/error.log \
  --http-log-path=/var/log/nginx/access.log \
  --user=nginx --group=nginx \
  --with-http_ssl_module --with-http_v2_module \
  --with-http_realip_module --with-http_stub_status_module \
  --with-http_gzip_static_module \
  --with-openssl=../openssl-3.0.14 \
  --add-module=../ngx_brotli
```

An yar da dogon jerin fakiti, aka bar modul ɗin da saitin ke kira kawai. Hanyar gane su ba wuya: a cire, a buga `nginx -t`, duk abin da ake buƙata zai yi kuka da sunansa. Na imel, da na mp4, da na stream duk suka fita. `--user` da `--group` kuwa ba ado ba ne. In ba a sa su ba, kuma saiti bai ambaci mai amfani ba, ma'aikatan nginx, wato ƙananan shirye-shiryensa masu amsa buƙatun baƙi, da sunan nobody suke gudana, su kasa rubutu a foldojin da aka mallaka wa nginx.

Sai cire fakitin gaba ɗaya, domin kada gida ɗaya ya zama da masu shi biyu. Kafin `yum remove nginx` an bi `rpm -ql nginx` layi-layi don a ga abin da zai tafi da shi, kuma jerin ya fi yadda ake zato. Fayil ɗin systemd nasa ne. Fayil ɗin logrotate, mai juya kundaye, nasa ne, in babu shi kundin baƙi zai yi ta kumbura har faifai ya cika. Aka rubuta sabon fayil na systemd a /etc/systemd/system mai `Type=forking` da `PIDFile`, da `ExecStartPre` mai gwada saiti kafin tashi. Aka rubuta na logrotate mai aika siginar USR1, wadda ke sa nginx ya sake buɗe kundayensa bayan an juya su. Aka kwashe saitin zuwa /opt/nginx/conf aka gyara hanyoyin `include`. Abu ɗaya ya kuɓuce: wani layi a saitin yana ajiye fayilolin wucin gadi a ƙarƙashin /var/cache/nginx, foldar da ta tafi tare da fakiti. Nginx yana ƙirƙirar folda ta ƙarshe kawai, ba ya ƙirƙirar uwarta, don haka gwaji ya tsaya da `mkdir() "/var/cache/nginx/client_temp" failed`. Aka ƙirƙire ta da hannu aka ƙara a jerin umarni.

SELinux, tsarin tsaron da ke kafa wa kowane shiri shinge, ya zo da nasa, shi kuma ba ya ihu. Nginx na /opt ya tashi lafiya, amma `ps -eZ` ya nuna yana gudana a matsayin unconfined_service_t, ba httpd_t ba. Ma'ana, shingen da ke hana sabar yanar gizo taɓa fayilolin da ba nata ba idan an kutsa mata, ya sauka. Alamar da ke kan fayil ita ke yanke wane shinge shiri zai shiga. Aka yi rajistar /opt/nginx/sbin/nginx a matsayin httpd_exec_t da `semanage fcontext`, foldar saiti a matsayin httpd_config_t, aka bi da `restorecon`. Duk `make install` yana haifar da sabon fayil mai alamar foldarsa, don haka `restorecon` ya zama layi na ƙarshe a jerin.

Sauyawa daga /usr/sbin zuwa /opt ta buƙaci tsayarwa da tayarwa, daƙiƙu kaɗan. Daga nan aka sake kunna sabar da gangan, da rana, ana kallo. Ta tashi da komai.

Yuli zuwa Satumba: riƙon abin

Bayan 30 ga Yuni yum ya daina samun madubin CentOS 7, an kwashe fakitocin zuwa rumbun ajiya na vault. Duk wanda bai riga ya saka kayan gini ba sai ya gyara adireshin rumbunan kafin ya samu ko gcc. A wannan sabar suna nan tun Mayu.

Mai kula da sabar ya yi rajistar samun sanarwar tsaro daga nginx da OpenSSL, tunda yanzu babu wanda zai kawo masa gyara. Ranar 14 ga Agusta nginx 1.26.2 ya fito da gyaran wata ɓaraka a modul ɗin mp4. Ginin Yuni ba shi da modul ɗin, don haka ba a yi gaggawa ba. Ranar 3 ga Satumba OpenSSL 3.0.15 ya fito da gyaran tsaro. Tunda laburaren a cikin jikin nginx yake, babu hanyar sabunta shi sai an sake harhaɗa nginx ɗin dungurungum. Aka canja lambobi biyu a saman jerin, aka bar shi ya yi aikinsa. OpenSSL ne ke cin mafi yawan lokacin.

An sauya ba tare da yanke wa kowa hulɗa ba, ta hanyar da nginx ya tanada. Bayan `make install` da `restorecon` da `nginx -t`, aka aika wa shugaban shirin, wato babban shirin nginx mai kula da ma'aikatan, siginar USR2. Ya sauya wa fayil ɗin lambarsa suna zuwa nginx.pid.oldbin, ya tayar da sabon shugaba daga sabon fayil, su biyun suna sauraron ƙofa ɗaya. Sai WINCH ga tsohon shugaba: ma'aikatansa suka ƙarasa buƙatun da ke hannunsu suka fita, shi ya zauna jira. A wannan gaɓar akwai hanyar komawa baya, HUP ga tsohon ya tayar da ma'aikata, QUIT ga sabon. Aka gwada TLS 1.3 da Brotli da shiga manhajar PHP, sannan aka sallami tsohon da QUIT. `make upgrade` yana yin kusan haka, amma ba ya tsayawa a tsakiya a duba, shi ya sa aka yi da hannu.

Oktoba: ƙaura

Sabuwar sabar tana kan tsari na zuriyar RHEL 9, Linux ɗin kamfanin Red Hat, wanda OpenSSL 3 ne nasa na gida. TLS 1.3 ya zo da fakitin nginx, dalilin farko na harhaɗawa ya faɗi. Brotli kaɗai ta rage, aka gina ta a matsayin modul mai lodawa: a sauko da rubutun tushe na siga daidai da ta fakiti, a yi `./configure --with-compat --add-dynamic-module=../ngx_brotli`, a yi `make modules`, a kwafi fayilolin .so biyu, a kira su da `load_module`. Nginx yana da wannan damar tun 1.9.11, `--with-compat` kuma tun 1.11.5, in babu shi, ko ɗan bambancin zaɓi na iya jawo `is not binary compatible`.

Modul ɗin yana ɗaure da siga. In fakiti ya matsa gaba modul bai bi ba, nginx zai ƙi shi da saƙo irin `version 1026001 instead of 1026002`, wato irin faɗuwar Yuni a sabuwar riga. Aka kulle sigar fakitin da versionlock, sabunta nginx ya zama aiki na musamman: a gina modul, a buɗe kulle, a sabunta, a gwada.

Hukunci

Harhaɗawa ta biya buƙata. Ba a taɓa OpenSSL na tsarin ba, an cika wa'adi, kuma cusa laburare cikin jikin nginx shi ne zaɓi mafi tsafta ga saba ɗaya mai sauran wata biyar a duniya. Kurakuran Mayu, daga devel da ya ɓace har lib da lib64, lokaci kawai suka ci. Duk sun faru a foldar gini, kuma kowanne ya faɗi sunansa, ko a allo ko a autoconf.err. Na ranar uku ma da minti goma ya ishe shi da an buɗe fayil ɗin tun farko.

Kuskuren da ya kai ga baƙi shi ne `--sbin-path=/usr/sbin/nginx`, layin da aka kwafo ba a karanta ba, wanda ya ɗora fayil na hannu a gurbin da rpm ke ganin nasa ne. A ranar kamar dabara ce, tunda ta hutar da rubuta fayil na systemd. Na biyu shi ne rashin gwajin da ke duba sigar TLS daga waje; duba cewa shafi yana buɗewa bai kama ɓacewar TLS 1.3 ba, abokin hulɗa ne ya kama. Rage modul a ginin Yuni ya nuna amfaninsa a Agusta.

Akwai kuma hanyar da ba a auna ba a Afrilu, wadda mai yiwuwa ta fi duka sauƙi: a tayar da ƙaramar saba mai sabon tsari, a sa mata nginx na fakiti ta karɓi TLS 1.3 a gaba, ta miƙa buƙatu ga tsohuwar ta hanyar cikin gida. Da ba a harhaɗa OpenSSL ko sau ɗaya ba, kuma da Oktoba ta zo rabin ƙaurar ya riga ya kammala. Brotli, wadda babu wa'adi a kanta, ita ce ta hana nginx tashi a daren Yuni, kuma ita kaɗai ce har yanzu ake harhaɗawa da hannu a sabuwar sabar.